Jawabi Ga Sababbin Direbobinmu Na Agege A Kan Dokokin Hanya

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Iyayenmu dattawan unguwa, malamai, shugabannin ƙungiya, tsofaffin direbobi da ke zaune a nan gaba, da ku ƙannenmu da 'ya'yanmu waɗanda dominku aka kira wannan zama, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Kowa a nan ya san abin da ya kawo maganar. Ranar 1 ga watan Yuni na 2022 gwamnatin Jihar Legas ta haramta acaɓa ɗungurungum a ƙananan hukumomi 6, cikinsu har da Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa, sannan a watan Satumba na wannan shekarar aka ƙara da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu da Kosofe. Wasu daga cikin yaranmu suka tattara suka koma gida. Wasu kuwa, masu yawa, suka ajiye babur suka kama mota. Yau ga wannan yana jan korofe, ga wancan yana ɗauko kayan gwari daga kasuwar Mil 12 a akori-kura, wani yana Bolt ko Uber, wani kuma an ɗauke shi direban gida yana kai yara makaranta. Abin farin ciki ne, sana'a ce ta mutunci. To amma akasarinku a hannun aboki kuka koya, a filin makaranta ranar Lahadi, kwana goma ko sha biyar, sai titi. Wanda ya koya muku ya nuna muku yadda ake tayar da mota a tafi, bai gaya muku abin da titin yake faɗa ba. Shi titi yana da yarensa, yana magana da alluna da zane da fitilu, kuma wanda bai ji wannan yare ba, ko ya kai kowa iya murza sitiyari, lana ne.

Bari mu fara da abin da ke ƙarƙashin ƙafarka, mu wuce da sauri tun da kun san mafi yawansa. A mota mai giyar hannu, daga hagu zuwa dama, kuloci ne, sai birki a tsakiya, sai totur. Ƙafar hagu ta kuloci ce kaɗai, ƙafar dama ita ke da birki da totur. A mota otomatik babu kuloci, saboda haka ƙafar hagu ba ta da aiki, ka ajiye ta gefe ta huta. Masu taka birki da hagu totur da dama su ne ke afkawa cikin shagon mutane idan suka firgita. Haruffan da ke jikin giyarta kuwa, P na ajiye mota ne, R ribas, N firi, D tafiya gaba. A kan firin nan muna da magana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, mun lura direbobi da dama sun koyi sa mota a firi idan za su gangara gada, wasu har kashe injin suke yi wai suna tattalin mai. Jama'a, idan injin ya mutu, birki yakan yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ma ya yi nauyi, domin injin ne ke ba su ƙarfi. Man da za ka rage bai kai cikin kofin shayi ba. A gangara, mota a cikin giya take sauka, injin na taya birki riƙe ta.

Sai lasin. Doka ta ce sai mai shekara 18 yake tuƙa mota, mai neman lasin haya kuwa sai ya kai 26. Lasin kansa aji-aji ne. Ajin A na babur ne, B na ƙaramar motar gida, G na tirela, akwai wasu a tsakani na motocin haya da na kaya. Wanda ke riƙe da A yana jan mota, a wurin hukuma daidai yake da wanda ba shi da komai. Hanyar samunsa ɗaya ce: ka shiga makarantar koyon tuƙi wadda hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, watau FRSC, ta amince da ita, ka sami takardar gamawa, jami'in VIO ya gwada ka, sannan ka je ofis da ƙafarka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Za a ba ka na wucin gadi mai kwana 60 kafin na dindindin ya fito, na shekara 3 ko 5. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi da hoto fasfo ka zauna a gida zai kawo maka, to jabu zai kawo maka, kuma ranar da aka sa lambar a kwamfuta aka ga babu, kai za a kama, shi yana can yana shan shayi da kuɗinka. Masu tuƙin haya da direbobin kamfani a nan Legas akwai ƙarin katin cibiyar horar da direbobi ta jiha, LASDRI, wanda ake sabuntawa duk shekara, ana duba ido a wurin. Mai koyo kuma ya liƙa jan harafin L gaba da baya, da ƙwararren direba a gefensa. Ba abin kunya ba ne, ko masu zagi sukan ɗan sassauta idan sun gan shi.

Yanzu mu zo kan babbar magana, wadda saboda ita muka fi matsawa a yi wannan zama. Dattawan da ke nan suna tune da canjin hannu, ranar 2 ga watan Afrilu na 1972, lokacin da Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma dama. Tun daga ranar dokar ba ta sake ba: ka riƙe damarka, idan za ka wuce mota ka wuce ta ta hagunta, ka dawo hannunka. Kishiyar wannan ita ce wanwe, watau ka bi hannun da ba naka ba kana fuskantar motoci masu zuwa. Mun sani, a kan babur wannan ya zama jiki. Gosulo ya haɗu, ka hau ɗaya hannun, ka kutsa ta gefen kwata, in ka hango jami'i ka juya cikin lungu. Mota ba ta juyawa haka. Faɗinta ya cika layi, kuma wanda ke tahowa a kan hannunsa bai sa ran ganinka ba, mai tsallaka titi ma ɓangare ɗaya yake dubawa, ɓangaren da motoci suka saba fitowa. Shi ya sa sau da yawa wanda mai wanwe ke bugewa mai tafiya a ƙasa ne, tsohuwa ko ɗan makaranta.

A Legas kuma hukuncin ya wuce tara. Dokar hanya ta 2012, da wadda ta gaje ta a 2018, sun ba kotu ikon ƙwace motar gaba ɗaya ta zama ta gwamnati. Ba barazana ba ce ta fatar baki. A 2022 an yi gwanjon irin waɗannan motoci a bainar jama'a, duniya ta ga hotunan masu su suna kuka suna roƙon kada a taya, domin su samu su sake sayen abinsu. To kai da motar ba taka ba ce fa? Ta Alhaji ce kana kai balas kullum, ko kuwa ta biya kaɗan-kaɗan ce saura wata goma sha huɗu ka gama? Motar ta tafi, bashin yana nan, kuma dattijon da ya tsaya maka aka ba ka ita shi za a zo a tasa a gaba. Duk don ka rage minti goma na gosulo.

Akwai kuma abin da ya wuce asarar mutum ɗaya, kuma gara mu faɗe shi a fili tun da mu ya mu ne. Mu a nan, ko da an haifi kakanninmu a Zangon Agege, idan abu ya faru a titi ba a cewa direba wane ya yi, cewa ake Bahaushe ya yi. Rikicin Mil 12 na watan Maris 2016 daga gardama a kan ɗan acaɓa a titi ya faro, kafin a ankara an rasa rayuka, an ƙona gidaje, gwamnati ta rufe kasuwa. Mai tumatir da mai albasa da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, kayansu suka ruɓe a cikin mota. Wannan ba adalci ba ne, mun yarda, amma haka zaman yake. Idan ka hau wanwe a Agege, ba kai kaɗai ka hau ba, da mu duka ka hau.

Ɗan'uwan wanwe shi ne layin BRT. Tun 2008 aka fara keɓe wa waɗannan manyan bas layinsu daga Mil 12 zuwa cikin gari, a 2020 kuma aka buɗe na Oshodi zuwa Abule Egba, wanda ya ratsa nan kusa da mu. Za ka gan shi fayau babu kowa alhali kai kana tsaye cikin rana. Ka bar shi fayau ɗin. Ko ka ga wani mai jiniya ya bi, kai ba ka da jiniya.

To, alluna. Da yawanmu ba mu yi boko mai zurfi ba, sai mutum ya ɗauka allon hanya sai mai Turanci. Waɗanda suka tsara su sun yi tunanin wannan, shi ya sa siffar allo da launinsa sun riga rubutun magana. Allo mai da'ira da jan baki hani ne: kada ka shiga, kada ka juya nan, kada ka yi fakin, kada ka wuce mota. Idan lamba ce a ciki, kamar 50, to iyakar gudunka ke nan a wurin. Da'ira shuɗiya umarni ce, abin da kibiyar ta nuna shi za ka yi. Alwatika, mai kusurwa uku da jan baki, gargaɗi ne cewa akwai abu a gaba: kwana, makaranta, tudun rage gudu, hanyar jirgi, ƙuntatacciyar gada. Mai kusurwa huɗu, kore ko shuɗi, labari kawai yake ba ka, ina ne Ikeja, ina ne asibiti, saura kilomita nawa Abekuta. Biyu ne suka fita daban, kuma da gangan aka bambanta su don a gane su ko ta baya, ko sun yi ƙura. Ja mai kusurwa takwas yana nufin tsaya cak, taya ta daina juyawa, ka duba, sannan ka tafi. Alwatika da aka kifa kanta ƙasa kuwa tana nufin ka ba na kan babban titi hanya. Wanda ya fi cin mutanenmu a garin nan shi ne jan faifai mai farin layi kwance a tsakiya. Ma'anarsa ba shiga. Sau da yawa yana can a maƙale bayan rumfar mai shago ko reshen bishiya, kuma rashin ganinsa ba ya zama hujja. Idan ka zo titin da ba ka sani ba, ka dubi inda motocin da aka ajiye suka fuskanta. In duk sun ba ka fuska ta ɓangarorin biyu, to ka tsaya ka tambaya kafin ka shiga.

Zanen da ke kan kwalta ma magana ne. Farin layi mai tsinke-tsinke, kana iya tsallaka shi idan hanya ta yi kyau. Layi miƙaƙƙe wanda bai tsinke ba, ka ɗauke shi kamar katanga. Za ka tarar an ja shi a kwana, da kan tudu, da kan gada, da dab da mahaɗa, wuraren da ko babu zane mai hankali ba ya wuce mota, tun da ba ya ganin abin da ke tahowa. Zanen nan mai ratsin fari da ke kwance a faɗin titi na masu tafiya a ƙasa ne, da zarar mutum ya sa ƙafa a kai hanya tasa ce. Danja kuwa kowa ya san ja tsayawa ne, kore tafiya. Rawaya ce ake yi wa mummunar fassara. Direban danfo ya ɗauke ta a matsayin ƙara wuta kafin ta rufe, alhali cewa take ka shirya tsayawa. Koren ma izini ne idan gabanka a buɗe yake. In ka san za ka shiga tsakiyar mahaɗa ka maƙale, ka jira, domin mota ɗaya da ta toshe tsakiya ita ke haifar da gosulon awa biyu. Idan kuma jami'in LASTMA ko ɗan sanda yana ba da hannu a wurin, hannunsa ya shafe danja. Sannan ku sani yanzu an kafa kyamarori a wasu manyan tituna suna ɗaukar lambar mota. Babu wanda zai tare ka, takardar tara ce za ta biyo ka.

A shataletale ƙa'idar gajeriya ce: wanda ya riga ya shiga, wanda ke zuwa ta hagunka, shi ke da hanya. Ka rage gudu, ka dubi hagu, in da sarari ka shiga, ka zagaya ta dama, kuma ka sa siginar dama kafin mafitarka. In ka wuce mafitar, sake zagayowa, babu wanda zai caje ka kuɗin zagaye. Ribas a shataletale ko a kan babban titi don ka ɓata mafita, wannan neman mutuwa ne. Haka wanda ke fitowa daga lungu ko gidan mai, shi ke jira. Al'adar nan ta sa hancin mota a hankali har sai an gaji an ba ka, mun san ita ake yi a Oshodi, amma ranar da aka buge ka kai ne mara gaskiya.

Sigina kuma kafin a juya ake sa ta, da ɗan nisa, bayan an dubi madubi. Tsarin shi ne madubi, sigina, sannan juyawa. Ku da kuka fito daga babur kun saba waiwaye da kai, madalla, kada ku bari, domin akwai wani gurbi a gefen mota da madubi ba ya nunawa, kuma nan ne ɗan'uwanku mai babur ko mai keke yakan ɓoye. Wani abu da muke gani wanda ko a littafin dokokin hanya babu shi: mutum ya zo mahaɗa ya kunna sigina biyu gaba ɗaya wai yana nufin miƙewa zai yi. Wa ya koya muku? Sigina biyu alamar matsala ce, mota ta lalace ko akwai haɗari a gaba. Wanda ke gefenka ɗaya kawai yake gani, sai ya zaci juyawa za ka yi. Mai miƙewa ba ya sa komai. Haka walƙa fitila. A wani wuri tana nufin bisimilla wuce, a nan Legas sau da yawa tana nufin ga ni nan tafe kada ka kuskura. Tun da abu ɗaya yana da ma'ana biyu, kada ka dogara da shi, ka dubi gudun motar. Da dare kuma idan mota na tahowa ka sauke babbar fitila zuwa dim. In shi ya ƙi saukewa kada ka rama, makafi biyu ke nan a kan hanya ɗaya. Ka mai da idonka gefen dama na titi ka rage gudu.

Ga lambobin gudu kamar yadda suke a littafin dokokin hanya na ƙasa. A cikin gari kilomita 50 a awa. A babbar hanya ta bayan gari, ƙaramar motar gida 80, a tagwayen hanya irin ta Legas zuwa Badun 100. Tasi da bas 80 ne da 90. Tirela da tanka 45 a gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Inda aka kafa allo mai lambar da ta gaza haka, allon ake bi. Tun watan Fabrairu na 2017 ma ake tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu.

Mun san matashi yana jin 50 sai ya yi dariya. To bari mu yi lissafi tare. Mota mai gudun 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Daga lokacin da idonka ya ga yaro ya faɗo titi zuwa lokacin da ƙafarka ta isa birki, daƙiƙa guda ta tafi, ga mita 14 ka ci ba ka ko fara tsayawa ba. Birkin kansa zai ja ka wata mita 14 ɗin a busasshiyar kwalta da taya mai kyau. Idan gudun ya zama 100, kada ka ce lissafin ninki biyu ne. Tafiyar kafin ka taka birki ita ce ta ninka biyu, mita 28, amma jan birkin ninki huɗu yake yi, sama da mita 50. Ka haɗa, ka wuce mita 80, ka kusa cinye filin ƙwallo. In ruwa ya sauka, kamar yadda yake yi mana a watan Yuni da Yuli, abin ya fi haka nisa. Daga nan ne dokar tazara ta fito. Ka lura da wata alama a gefen hanya, falwaya ko allo. Idan motar gabanka ta gifta ta, ka ƙirga a ranka a natse, dubu da ɗaya, dubu da biyu. In ka iso alamar kafin ka gama, ka matse shi da yawa, ja baya. A ruwan sama ko hazon hunturu ka ƙirga har huɗu. Za ku ce a Legas in ka bar tazara wani zai shige. Zai shige, ƙwarai kuwa. Ka bar shi, ka sake buɗe wata. Duk wanda ya bugi mota ta baya shi ake ɗora wa gyara, ba a ma sauraron bayaninsa.

Manyan motoci sai an yi musu zama na musamman, amma ku riƙe wannan. In ba ka ganin madubin direban tirela, shi ma ba ya ganinka. In zai sha kwanar dama yakan buɗe hagu tukuna, sai ka ga sarari ya samu ta damansa. Kada ka shiga, wurin nan tarko ne, bayan motar zai dawo ya rufe shi. Kuma kada ka jera da mai ɗauke da kwantena a kan gada ko a kwana. A watan Janairu na 2023 kwantena ta faɗo kan ƙaramar bas a Ojuelegba, mutum 9 suka rasu. A watan Yuni na 2018 tankar mai ta kama da wuta a gadar Otedola, motoci fiye da 50 suka ƙone. Ko ka wuce su da wuri in hanya ta ba ka, ko ka ba su nisa.

Mu mutanen Agege muna da wani maƙwabci da ba ya birki, shi ne jirgin ƙasa. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage mana wahala, amma jirage sun ƙaru, ga na Badun, ga kuma na cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a 2024. A watan Maris na 2023 jirgi ya kwashi bas ɗin ma'aikatan gwamnati a mararrabar PWD kusa da Ikeja da safe, an rasa rayuka, da dama suka jikkata. Duk inda hanyarka ta ratsa dogo, ka tsaya, ka sauke gilas, ka kashe rediyo, ka dubi ɓangarorin biyu. Kada ka hau sai ka ga akwai wurin da motarka za ta zauna a ɗaya gefen. Mai tuta in ya ɗaga, magana ta ƙare.

Kafin ka fita da safe, minti biyar sun isa ka duba ruwan lagireto, da baƙin mai, da man birki, da fitilu, da waifa, da iskar taya. Ita taya tana da ranar haihuwa a jikinta, lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021, kuma a lissafin FRSC shekara 4 ne rayuwarta, watau ta ƙare tun 2025 ko da zanenta bai goge ba. Masu sayen ta gwanjo ku duba wannan kafin ku biya. A but ɗinka a sami safaya mai iska, da jak, da sifanar taya, da tukunyar kashe gobara, da alwatikar nan mai ƙyalli da ake ajiyewa a bayan mota in ta lalace. Ganye da reshen bishiya da muke zubawa ba a ganinsu da dare, kuma in an gyara mota sai a tafi a bar su, da dutsen da aka tare taya, su zama wa na baya masifa. Takardun mota su kasance tare da kai: lasin motar, shaidar lafiyarta, shaidar mallaka, da inshora. Mafi ƙarancin inshorar da doka ta yarda da ita ta koma naira 15,000 a farkon 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3. Ta gaske ce kawai ke biya, wadda aka saya a hannun kamfani mai rajista. Wadda ake bugawa a gindin bishiya takarda ce kurum.

Bel tun 2003 aka tilasta shi, kuma a ɗaura shi da gaske, a daina ratayawa a kafaɗa in an hango jami'i. Yaro ƙasa da shekara 12 a baya yake zama. Waya a hannu laifi ce, ku masu Bolt ku sami abin maƙala ta, ku saita hanya kafin ku tashi. Daƙiƙa 3 na kallon waya a gudun 50, ka yi tafiyar mita 40 ido rufe. Dokar Legas har cin abinci da ƙirga kuɗi a kan sitiyari ta hana. Sai barci, wanda ya fi damunmu lokacin tafiya gida da Sallah. Mutum ya yi aiki yini guda, ya yi lodi da magariba, ya ce sai Kano ko Sakkwato. Ya wuce Badun, Ogbomosho, Ilori, kafin Jebba da Mokwa ido ya fara lumshewa. Goro da shayi suna jinkirta barci ne kawai, ƙwaya irin su tiramadol kuwa ta fi muni, domin takan sa ka ji kamar kana garau alhali hannunka ya riga ya yi sanyi. In ka fara hamma, ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, ka sami wuri mai jama'a ka kwanta. Tafiya irin wannan direba biyu take so.

Idan jami'i ya tsayar da kai, ka sa sigina ka gangara gefe, ka gaishe shi, ka ba da abin da ya tambaya. Kada ka gudu, kada ka kama rigarsa, kada ka tara masa 'yan'uwa. In ka yi laifi ka nemi a rubuta maka takarda ka je ka biya inda aka ce, ka karɓi rasit. In kana ganin an zalunce ka, ka riƙe sunan da ke ƙirjinsa da wurin da lokacin, ka kawo wa ƙungiya, akwai masu ilimin da za su bi maka. In ba ka jin Turanci ko Yarbanci sosai, kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba.

In kuma tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, ka tsaya. Ka kunna sigina biyu, nan ne wurinta, ka ajiye alwatika da nisa a baya, ka duba wanda ya ji rauni. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a ɗaga shi da ka, sai in wuta ake tsoro. In ka ga jama'a sun fara taruwa da duwatsu, ranka yana cikin haɗari, to ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa kai tsaye ka kai kanka, kada ka tafi gida ka ɓuya, domin wanda ya kai kansa da wanda aka kamo ba ɗaya suke ba a gaban alƙali. Daga can ka kira mai motar, ka kira shugabannin unguwa, su je su duba majinyacin tun a ranar, kafin magana ta canza kama. Lambar FRSC ita ce 122, ta agajin gaggawa 112, a nan Legas kuma akwai 767, duk kyauta ake kiransu. Muna roƙon kowa ya fito da wayarsa yanzu ya adana su, wanda bai iya ba na kusa da shi ya taimaka masa, sannan mu saurari tambayoyinku.